Lazaro Spalanzani, malamin da ya ƙirga ƙasusuwan da suka sake tsirowa

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya taɓa ganin ƙadangare ko tsaka sun yar da wutsiya sun tsere, bayan ƴan makonni kuma a ga wata sabuwa ta fito. To amma ƙafa fa? Ƙadangaren da ya rasa ƙafa ya rasa ta ke nan har abada, haka akuya, haka kaza, haka ɗan Adam. Mun san ƴan kasuwa da ciwon sukari ya ci wa ƙafa har likita ya yanke ta, mun san ƴan kabu-kabu da hatsari ya raba da hannu, kuma mun san yadda sana'a take tsayawa cik tun daga wannan rana, gida ya koma sai abin da dangi suka kawo.

Sai dai akwai wata ƴar dabba mai ƙafa huɗu, mai ƙashi da jini da jijiya kamar namu, wadda in an yanke mata ƙafa sai wata ta tsiro, da gwiwarta da yatsunta cif. Sunanta salamanda. A ido ta yi kama da ƙadangare, amma dangin kwaɗo ce, fatarta laushi gare ta da damshi, kuma tana zama cikin ruwa ko wuri mai sanyi da laima. Ana samun ta a Turai da Asiya da nahiyar Amurka. A Afirka kuwa sai can arewa, wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya, don haka kada wani ya je nemanta a tabkin Madarunfa. Mutumin da ya fara bin diddigin wannan abu ya rubuta shi dalla-dalla wani malamin ƙasar Italiya ne mai suna Lazaro Spalanzani, kuma tarihinsa ne za mu kawo muku yau.

An haife shi a watan Janairu na shekara ta 1729 a wani ƙaramin gari da ake kira Skandiyano, a arewacin Italiya. Mahaifinsa lauya ne, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Yana da shekara 15 aka kai shi lakwal ɗin limaman Katolika a garin Rejiyo, daga nan ya wuce jami'ar Bolonya don karatun shari'a. A can ne ya gamu da wata ƴar uwarsa ta dangi mai suna Laura Basi, wadda take koyar da ilimin kimiyya a jami'ar, a zamanin da mace ko shiga aji a matsayin ɗaliba wuya yake mata a Turai. Wannan baiwar Allah har cikin gidanta take tara ɗalibai tana nuna musu gwaje-gwaje. Ita ce ta juya masa hankali daga littattafan shari'a zuwa binciken halittu, sannan wani malami aminin gidansu ya lallashi uban har ya haƙura. Mata masu karanta wannan shafi su lura da wannan: da ba don mace ba, da watakila duniya ta samu ƙarin lauya guda ne kawai.

Ya zama fada, wato limamin cocin Katolika, abin da ya ba shi ɗan abin hannu da natsuwar yin bincike. Ya koyar da harshen Girka da ilimin tunani a Rejiyo, sannan a 1763 ya koma garin Modena. A nan ne sunansa ya fara fita, kuma a kan romo ya fita.

A lokacin akwai wani malami ɗan Ingila mai suna Nidam, shi ma fada ne, wanda ya ce ya dafa romon naman tunkiya ya toshe kwalbar, amma bayan kwanaki ya tarar da ƙananan halittu sun cika ta, don haka rai yana iya fitowa da kansa daga abin da ba shi da rai. Babban masanin Faransa Bufon ya goyi bayansa. Spalanzani bai yarda ba. Ya zuba romon tsaba iri-iri cikin kwalabe, ya narkar da bakin kowace kwalba da wuta har ya liƙe ruf, sannan ya tafasa wasu na ƴan mintoci, wasu kuma har awa guda. Waɗanda suka daɗe a wuta kuma bakinsu yake liƙe, ba abin da ya fito cikinsu. Waɗanda aka toshe da abin toshiya kawai, ko ba su tafasu sosai ba, suka cika da ƙwayoyi. Ya buga wannan a 1765. Duk matar da take ɗumama miya da dare ta rufe tukunya don kada ta kwana ta lalace ta san gaskiyarsa ko ba ta taɓa jin sunansa ba. A 1810 wani Bafaranshe mai suna Nikola Aper ya fitar da dabarar adana abinci ta hanyar tafasawa da liƙewa, wadda ita ce uwar gwangwanin tumatir da na sardin da ke jere a teburanmu. Shi ma Luwi Paster, da ya zo ya kashe wannan gardama bayan kusan shekara ɗari, hoton Spalanzani ya rataya a gidansa.

Yanzu bari mu zo kan salamanda. Tun a 1744 wani mutumin Janeba mai suna Tarambile ya ba Turai mamaki da wata ƴar mitsitsiyar halittar ruwa da in an yanka ta gunduwa-gunduwa kowane yanki yake zama cikakkiyar halitta. Masana suka ce to wannan ai ba ta da ƙashi, ba ta da jini, abu ne mai sauƙi. Spalanzani ya ɗauki almakashi ya fara hawa daga ƙasa zuwa sama. Ya yanka tana, ta sake tsirowa. Ya yanke wutsiyar talibambam, ta dawo. Ya yanke kan dodon koɗi, ya ga ƙahoni da baki sun sake fitowa. Daga nan ya kai ga salamanda, ya yanke mata wutsiya, ya yanke ƙafafu, har muƙamuƙi ya yanke, duka suka dawo.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu yanke-yanke shi ne ƙirga. Mutum ne mai halin ɗan kasuwar da ba ya barci sai ya daidaita lissafin ranar. Ba ya tsayawa ga cewa ƙafa ta fito, sai ya feɗe ta ya ƙirga ƙasusuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da na ƙafar da ba a taɓa ba. Ya yanke ƙafafu huɗu da wutsiyar salamanda guda, suka tsiro, ya sake yankewa, haka har sau 6 cikin wata 3 na lokacin zafi. Da ya haɗa lissafi sai ya tarar dabba ɗaya tak ta ƙera sababbin ƙasusuwa 687. Ya kuma lura cewa ƙanana sun fi tsofaffi saurin warkewa, kuma aikin ya fi gudu da zafi a kan lokacin sanyi. Kwaɗi ma, in ji bincikensa, suna mayar da ƙafa muddin suna ƙanana, in sun girma kuwa baiwar ta tafi.

Amma babban abin da ya gani, wanda har yau shi ne yake hana masana barci, shi ne wannan: duk inda aka yanke, abin da ya ɓace ne kawai yake dawowa, ba ragi ba ƙari. In a wuyan hannu aka yanke, tafi da yatsu ne za su fito. In a kafaɗa ne, sai damtse ya fito, gwiwar hannu ta biyo, sannan sauran. Kamar magini ne da aka kai shi gaban katangar da ta zube da dare, ba wanda ya nuna masa zanen gidan, amma ya ɗora daga daidai inda ta karye, ya tsaya daidai inda ta tsaya a da. Wa ya gaya wa dungulmin inda yake?

A 1768 ya buga ɗan ƙaramin littafi a kan waɗannan gwaje-gwaje, ya ce share fage ne, babban littafin yana tafe. Babban littafin bai taɓa fitowa ba, amma ƙaramin ya isa. Cikin shekara guda aka juya shi zuwa Ingilishi, ƙungiyar masana ta Landan kuma ta ɗauke shi mamba. Maganar kan dodon koɗi ce ta fi tayar da ƙura. Malamai da attajirai da matan manya a faɗin Turai suka shiga lambuna suna kama dodon koɗi suna datse masa kai, har da shahararren marubucin nan na Faransa Bolter, wanda ya yi nasa gwajin yana tsufa. Wasu suka ce sun ga kai ya dawo, wasu suka ce nasu sun mutu. Daga baya an gane cewa masu suka suna da ɗan abin riƙewa, domin dodon koɗi yana janye kansa ciki in ya ji wuƙa, sai yankan ya bar ƙwaƙwalwar a baya. A kan salamanda kuwa ba wanda ya iya ƙaryata shi. Abokinsa Sharl Bone na Janeba ya maimaita gwajin har sau 8 a kan ƙafa ɗaya, ya samu abin da ya samu. A ƙarshen littafin Spalanzani ya aje tambaya, ko akwai ranar da za a gano hanyar da manyan dabbobi, har da mutum, za su samu irin wannan baiwa.

A 1769 sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wadda yankin Milan yake hannunta a lokacin, ta sa aka ba shi kujerar koyar da ilimin halittu a jami'ar Pabiya, tare da riƙon gidan ajiyar kayan tarihi na jami'ar. A can ya zauna shekara 30. Ya binciki yadda ciki yake narkar da abinci, har ya riƙa haɗiye ƴan jakunkunan ƙyalle da ƴan bututun itace masu huji da nama a ciki, ya jira su fito ya duba, ya tabbatar cewa wani ruwa ne a tumbi yake narkar da abinci. Ya ɗinka wa kwaɗi maza ƴan wanduna don ya nuna cewa ƙwai ba ya zama ɗa sai ruwan namiji ya taɓa shi. A 1780 ya ɗura wa wata karya ruwan namiji da sirinji, bayan kwana 62 ta haifi ƴan kwikwiyo 3, kuma wannan dabara ce likitocin dabbobi suke amfani da ita a kan shanu har gobe. Duk da haka ya yi kuskure babba a nan, domin ya ga ƙananan ƙwayoyin da ke iyo cikin maniyyi amma ya ɗauka tsutsotsi ne kawai da ba su da wani aiki, ya mutu yana kan wannan ra'ayi.

Ba za mu ce mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da kaifin harshe, ba ya raga wa abokin gardama, kuma albashinsa da sunansa sun fi na abokan aikinsa. A 1785 ya tafi Santambul, babban birnin daular Turkawa, ya yi kusan shekara yana tara duwatsu da kifaye da tsuntsaye. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da kan faru in mai rumfa ya yi doguwar tafiya ya bar maƙwabta da ba sa ƙaunarsa. Wani ma'aikacin gidan ajiyar mai suna Serafino Bolta ya je Skandiyano ya leƙa kayan da Spalanzani ya tara a gidansu na gado, ya dawo ya ce ya ga kayan jami'a a ciki. Manyan malamai 3, Skopoli da Skarpa da Fontana, suka ɗaure masa gindi, aka riƙa aika wasiƙu ƙasa-ƙasa ana cewa Spalanzani ɓarawo ne. Shi kuwa sai a hanyarsa ta dawowa, da ya iso birnin Biyana, labari ya same shi. Hukuma ta kafa bincike, aka bi kaya da takardu ɗaya bayan ɗaya, a 1787 aka wanke shi tas. Aka kori Bolta, aka ja kunnen sauran.

Wani da ya samu wannan nasara da ya yi shiru, amma ban da shi. Shi Skopoli ya taɓa buga bayanin wata sabuwar tsutsa da aka kawo masa a kwalba aka ce daga cikin wata mata ta fito, har ya raɗa mata suna, alhali maƙogwaron kaza ne. Spalanzani ya ɓoye sunansa ya rubuta takardu yana yi masa dariya a gaban duniya. Skopoli ya mutu a 1788 da wannan kunya. A ganinmu wannan tabo ne a tarihin malamin, domin wanda kotu ta riga ta wanke ba ya bukatar ya bi tsoho da duka.

Yana dab da shekara 60 ya hau duwatsu masu aman wuta na kudancin Italiya, Besubiyo da Etna. A 1793 ya koma kan jemage, ya ga ko an makantar da shi yana tashi cikin ɗaki ba ya karo da komai. Wani likitan Janeba mai suna Jurin ya toshe wa jemagu kunne, sai suka riƙa faɗuwa, Spalanzani ya maimaita ya tabbatar. Sai wajen 1940 aka gane cewa jemage wata ƙara yake fitarwa da kunnenmu ba ya ji, yana sauraren amsa-kuwwarta. Ciwon mafitsara ya kashe Spalanzani a Pabiya a watan Fabrairu na 1799, yana da shekara 70. Abokan aikinsa suka cire mafitsarar suka adana, tana nan a gidan tarihin jami'ar, kayan da aka zarge shi a kansu kuma suna garin Rejiyo.

Tambayar da ya bari ita ce ta ci gaba da rayuwa. A 1823 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Tod ya gano cewa in aka tsinke jijiyar da ke kai saƙo zuwa ƙafar, ba ta tsirowa. Da madubin ƙara girman abu ya inganta, sai aka ga yadda aikin yake tafiya. Cikin ƴan awowi fata marar kauri take rufe bakin raunin, ba tare da tabo ba. A ƙarƙashinta ƙwayoyin jiki na kusa da wurin suke aje aikinsu na da, su koma kamar na ɗan tayi, su taru su yi wani ɗan tsiro mai kama da tohon bishiya, daga shi ne ƙashi da tsoka da fata suke fitowa. Mu kuwa jikinmu gaggawar yin tabo yake, tabon ya rufe ƙofa. Sai a wurare kaɗan muke da ragowar baiwar, kamar hanta da ke cikowa in an yanke wani sashe, da kan yatsan ƙaramin yaro da kan dawo in tushen farce bai tafi ba.

To wa yake gaya wa tsiron inda yake? A nan ne maganar furotin ta shigo. Mun saba jin furotin a bakin ma'aikatan lafiya in suna maganar wake da ƙwai da nama, amma a cikin jiki furotin iri dubbai ne, kuma su ne ma'aikatan. Kowane ɗaya kamar carbi yake da aka jera da ƴaƴa iri 20, sannan carbin ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa tasa ta daban. Siffar ita ce aikin, kamar yadda yankan ɗan makulli yake sa ya buɗe wannan kwaɗo ya kasa buɗe wancan. In siffar ta warware aiki ya ƙare, abin da muke gani ke nan in farin ƙwai ya dahu ya daskare.

A 2002 wasu masana a Landan ƙarƙashin Jeremi Brokes suka gano wani ƙaramin furotin da ke manne a bayan ƙwayoyin jikin salamanda, suka sa masa suna Prod1. Ya fi yawa wajen kafaɗa, yana raguwa in an gangaro zuwa yatsu, kamar dai alamar kilomita a bakin hanya. A 2005 aka ƙara wa ƙwayoyin da ya kamata su zama tafin hannu yawan wannan furotin, sai aka same su sun koma can sama wajen damtse. A 2007 mutanen Brokes suka gano wani furotin na biyu, nAG, wanda yake fitowa daga rigar jijiya ya kama Prod1. Da suka tsinke jijiya suka sa dungulmin ya riƙa yin nAG, sai ƙafar da ta kamata ta tsaya ta tsiro har da yatsu. Wannan ya ba da wani ɓangare na amsar abin da Tod ya gani tun 1823.

Saura siffa. A 2009 aka sa Prod1 cikin wata na'ura mai ƙarfin maganaɗisu aka zana yadda ya naɗe. Sai ga shi kamar hannu mai yatsu 3, wato lanƙwasa 3 da suka miƙe daga gindi guda, gindin kuma an ɗaure shi da ƙulle-ƙulle na sinadarin farar wuta. Abin mamaki, irin wannan gini ne da yawa daga furotin ɗin dafin gamsheƙa suke da shi, ga shi ɗaya yana kisa ɗaya yana gyara. Mu ma muna da furotin masu yatsu 3 a jikinmu, kuma da farko an zaci Prod1 ɗan uwan ɗaya daga cikinsu ne kai tsaye. Da aka gwada siffa da siffa sai aka ga ba haka ba ne, Prod1 na salamanda ne ita kaɗai, ko kwaɗo ba shi da shi. Wannan labari bai yi wa masu fata daɗi ba, domin yana nufin ba wai makullin yana aljihunmu mun manta da shi ba ne, wani sashe nasa ba a taɓa ba mu ba. Saboda haka duk mai maganin da ya shimfiɗa tabarma ranar kasuwa ya ce garinsa yana tsirar da yatsa ko ƙafa, a bar shi da kayansa, domin shekara 250 da ɗoriya bayan littafin Spalanzani ba a taɓa tsirar wa mutum da hannu ko ƙafa ba a ko'ina cikin duniya. Mai ciwon sukari da ya ga ƙurji a ƙafa, gidan likita ya kamata ya nufa tun raunin yana ƙarami.

Bincike dai bai tsaya ba, kuma an gano Prod1 ba shi kaɗai yake aikin ba, yana da abokai da yawa, wasunsu ma akwai irinsu a jikinmu. A 2013 aka nuna cewa in aka kawar da wasu fararen ƙwayoyin jini masu share rauni, salamanda ma tabo take yi kamar mu. A 2018 aka karanta dukan bayanan gado na wata salamandar ƙasar Meziko mai suna aksolotil, aka tarar sun ninka na mutum sau 10. Masana kuma sun waiwayo wajenmu. Gaiwa, wannan kifi da ke shiga cikin laka ya yi barcin rani a fadamunmu har ruwa ya sauka, ita ma tana mayar da abin da ta rasa. A 2020 wasu masana na ƙasar Barazil suka buga bincike a kan gaiwar Afirka ta Yamma, suka nuna cewa in an yanke mata wutsiya tana yin irin tsiron nan na salamanda, wutsiyar ta dawo da tsokarta da guringuntsinta da lakarta.